Alwalar Bahago

SHAFI NA 19

Masu aiko mini da saƙon murya cewa na yi shiru, ga shi. Wadda kuma ta ce in Firdausi ba ta auri Issouf ba za ta bar karatun labarin, ƙofa a buɗe take. Labari ba ya bin son ran kowa.

Sabon shiga, ga inda muke. Bahago mai kilishi ne a unguwar Dagmanet, ko in ce dā. Albaras ya fito masa, fari fat, a bayan hannuwa biyu da goshi da gefen baki, mutane suka daina cin abin da hannunsa ya taɓa. Matarsa Fulera ta rasu. Ɗiya guda ta bar masa, Firdausi. Yau iyayen saurayinta Issouf za su zo daga ƙauyen Timia, can cikin duwatsu, neman aurenta, kuma an riga an kai musu gulma cewa uban yarinya yana da abu a jiki. Mu je.

*

"Tuɓe rawanin, Baba."

Bahago bai motsa ba. Yana zaune bisa turmi a tsakar ɗaki, ya haɗe rai kamar wanda aka kawo wa sammaci.

Haoua, ƙawar Firdausi, tana durƙushe tana haɗa wayar injinta. Ɗan abu ne mai hanci, da kwalba a gindi cike da ruwa kamar shayin da ya daɗe bisa wuta. Daga Aljeriya ta zo da shi, inda ta yi shekaru tana aiki a salon, shagon kwalliyar mata.

"Can, Baba, matan da suka yi fari da yawa su ke biya a fesa musu su yi duhu."

"Ƙarya kike."

"Wallahi."

"Nan matanmu suna ɗaye fatarsu da mai su yi fari, can suna biya su yi baƙi. Ɗan Adam ba shi da magani."

Haoua ta yi dariya. Firdausi ba ta yi ba. Tana tsaye bakin ƙofa, ta riƙe gefen mayafinta tana murzawa.

"Baba, don Allah. Rana tana yi."

Ya dube ta.

"Firdausi, wanga abu ha'inci ne."

"Ba ƙarya za ka yi ba, Baba. Ba za ka ce komai ba. Launinka ne za a mai da maka. Naka ne, da shi aka haife ka."

"Allah ya ba ni, Allah ya karɓa."

"To ara za mu yi. Na rana guda." Ta matso kusa da shi. "Gwaggon Issouf, Aissa, ta rantse sai ta gani da idonta. In ta gani ta ce gado ne, shi ke nan, Baba. Ka san su. Ba sa sa jini a inda suke shakka."

Ya dubi fuskarta. Ta ɗauko idon uwarta sak, irin idon da ba ya roƙo sau biyu.

Ya kai hannu ya fara warware rawanin.

Haoua ta ɗaga yatsa.

"Amma ka ji sharaɗi tun ban fara ba. In na fesa, ruwa bai taɓa ka ba sai an yi huit heures."

"Yi mini Hausa."

"Sa'a takwas. Yanzu hantsi ne, sai rana ta yi ja, gab da magariba. Abin da za ka gani ina gamawa ba shi ne launin ba, wannan na sama ne. Na gaske yana ƙarƙashi, yana shiga fata sannu a hankali. In ruwa ya taɓa ka lokaci bai yi ba, na sama ya tahi, na ƙasa bai kama ba, sai ka koma dabbare-dabbare. Gara ma yadda kake yanzu."

"Gumi fa?"

"Gumi ma ruwa ne. Kada ka shiga rana, kada ka je kusa da wuta."

"In lokacin ya cika?"

"Ka watsa ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba sabulu, ba soso. Za ka ga ruwan ya yi ja, kada ka tsorata. Abin da ya rage shi ne naka, ya kai ka mako. Daga nan kamar lalle yake, ka yi alwalarka, ba ya hana ruwa shiga."

"Wato kin mai da ni kilishi. A shafa labun gyaɗa a shanya."

"Kusan haka ne, Baba."

"To, malama mai inji. Azahar da la'asar fa? Injin ne zai yi mini su?"

Haoua ta dubi Firdausi. Firdausi ta dubi ƙasa. Babu wadda ta yi wannan lissafin a cikinsu.

"Ka haɗa su da magariba mana, yau ɗai..."

Kallon da ya yi wa Haoua ya sa ta haɗiye sauran.

"Ba ni buta."

Ya fita tsakar gida ya yi alwala, a natse, yana cuɗa tsakanin yatsu. Ya tsaya a inuwa har jikinsa ya bushe sarai. Ya dawo ya zauna bisa turmin.

"Da wannan zan yi azahar, da ita zan yi la'asar. Ba ci, ba sha, ba barci. Baƙi sai rana ta yi sanyi za su zo. Fesa."

"Baba, alwala guda tun hantsi?"

"Na yi azumin watan zafi a bakin wutar kilishi. Fesa, na ce."

Ta shafa masa mai a tafin hannu da farce don kada su kama. Ta ce ya rufe ido, ya rufe baki. Injin ya ɗauki ƙugi. Wani sanyi ya bi goshinsa, ya bi kumatu, ya sauko wuya, ya bi hannu har gwiwar hannu. Wari kamar na sukarin da ya ƙone.

Da ta gama, Firdausi ta miƙo masa madubin uwarta.

Ya duba.

Ya daɗe yana dubawa.

Mutumin da ke cikin madubin ya san shi. Shi ne wanda yake tsayawa bakin tasha da faranti bisa kai, direbobi na kiransa tun daga nesa. Shi ne wanda yara ba sa janye hannu in ya miƙa musu abu. Shi ne wanda Fulera ta aura.

"Da uwarki ta ga wanga..." Ya kife madubin bisa tabarma. "Ɗauke shi."

*

Kafin azahar wuta ta ɗauke, abin iska ya tsaya. Firdausi ta zauna gefensa da mahuci tana yi masa fifita, in hannu ɗaya ya gaji ta sauya. Ƙuda ya sauka masa a goshi, bai kore shi da hannu ba, sai dai ya girgiza kai.

Aka kira azahar. Ya tashi ya yi salla, ya sa goshi a ƙasa a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

"Saura guda," in ji shi.

Bai rufe baki ba sai ƙarar mota a ƙofar gida. Sai sallama.

Firdausi ta miƙe tsaye, mahucin ya faɗi.

"Baba, su ne."

"Yanzu?"

"Muryar Baffa Tanko ce."

Ya naɗa rawani sama-sama, bai ja amawali ya rufe baki ba, karo na farko cikin shekaru. Ya fita zaure.

Su uku ne. Alhaji Illiya, wan uban Issouf, dattijo dogo mai sanda. Tanko, ƙanen uban, gajere mai yawan dariya. Sai Hajiya Aissa, gwaggon yaron, lulluɓe cikin baƙin zane, a bayansu. Direba na sauke kwandon lemu da rumman da buhun dabino.

"Ka yi mana gafara, mai gida," in ji Tanko. "Mun ce da marece, ga mu da rana tsaka. Hadari ya haɗu can bisa dutse. In kori ta sauko da ruwan dutse ta tare hanya muna nan, sai mu kwana uku ba mu ga gida ba. Gara mu yi abin da ya kawo mu mu juya."

"Gidanku ne. Bismilla."

Ya miƙa wa Alhaji Illiya hannu. Tsohon ya kama, ya saki, ya sake kamawa, irin gaisuwarsu mai tsawo. Lahiyar gida, lahiyar zafi, lahiyar gajiya. Bahago yana amsawa, idonsa na kan farar rigar tsohon, ko wani abu zai shafu.

Bai shafu ba.

Hajiya Aissa ta zo wucewa ciki wurin Firdausi. Ta tsaya daidai shi. Ta gaishe shi, ta dubi goshinsa, ta dubi bakinsa, ta sauko ta dubi hannu. Ba ta ko ɓoye kallon ba.

"Mutane dai da baki," ta ce a hankali, kamar da kanta take. Ta wuce.

Wani abu ya sauka daga ƙirjin Bahago. Wani kuma ya hau.

Aka kawo gawayi da kayan shayi. Ya kai hannu zai hura wuta, Tanko ya janye murhun gabansa.

"Bari, mai gida. Ku mutanen birni ruwan zafi kuke dafawa ku kira shi shayi."

Bahago ya gode wa Allah a ransa, ya matsa nesa da wutar.

Ashe ba wutar ce abin tsoro ba.

Tanko ya zuba na fari, ya miƙo masa ƙaramin kofi, kumfa har baki.

"Na ƙoshi."

Tanko ya tsaya da hannu a miƙe. Alhaji Illiya ya ɗago kai.

"Mun zo neman iri a gidanka, ka ƙi shan shayinmu? Ko tun yanzu amsar ke nan?"

"Subhanalla. Kawo."

Ya sha. Aka yi na biyu, ya sha. Tanko ya tura masa kwanon ruwan sanyi, wai shayinsa ba a sha masa haka nan, yana bugun zuciya. Ya kurɓa. Maƙoshin da ya bushe tun safe ya ƙi tsayawa a kurɓa guda.

Alhaji Illiya ya gyara murya ya fara magana. Ya yi salati. Ya faɗi asalinsu, ya faɗi lambunsu, ya faɗi halin Issouf har da aibinsa, cewa yaro ne mai saurin hushi amma ba ya kwana da shi. Ya ce sun tambayi tarbiyyar Firdausi, ko'ina alheri suka ji.

"Marainiyar uwa ce, amma an ce ba a gane ba. Wannan aikinka ne, mai gida."

Bahago yana ji. Maganar da ya yi shekaru yana roƙon Allah ya nuna masa ranarta, ga ta ana yi masa. Shi kuwa hankalinsa na ƙasan cibiyarsa.

Ya gyara zama. Ya sake gyarawa. Ya naɗe ƙafa, ya warware. Mai shekara hamsin da wani abu, ga ciwon sukari, mara ba ta jin rarrashi.

Na uku ya zo. Ya sha.

Ya ciji leɓe har ya ji ɗanɗanon abin da aka fesa masa.

"Ku yi mini haƙuri kaɗan."

Ya ɗauki buta ya zagaya bayan gida.

Da ya fito sai ya tsaya jikin katanga. Ya dubi rana. Tana nan sama, fara fat, ko niyyar ja ba ta yi ba.

Sai ladan ya ɗaga murya. La'asar.

Firdausi ta leƙo daga ɗakin girki. Ta ga butar a hannunsa. Ta gane. Ta zo da sauri, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Baba, alwalar ta karye?"

"Ta karye."

"Ka yi taimama."

"Ga ruwa a hannuna, ga ni da lahiyata. Taimamar mi?"

"To ka ce ka yi alwala a nan baya. Wa ya gani?"

Ya dube ta.

"Na tuba, Baba. Amma saura kaɗan. Gwaggo Aissa ta saki jiki, har tana tambayata irin zanen da nake so. In sun tahi ka rama. Allah Mai gafara ne. Baba, don darajar Inna."

Ya juya. Ya koma zaure.

Baƙin sun riga sun fito ƙofar zaure ta ciki, suna alwala bisa rairayin tsakar gida. Alhaji Illiya ya ce gwiwarsa ba za ta kai shi masallaci ba, a yi a nan. Tanko ya shimfiɗa tabarmi, guda a gaba, biyu a baya.

"Bismilla, mai gida."

"Alhaji, kai ne babba. Wuce."

"A'a. Mai gida shi ke gaba a gidansa, ko da sarki ne baƙon. Haka muka tarar."

"Ni ba malami ba ne."

"Fatiha dai ka iya. Wuce."

Tanko yana yarfe ruwan hannunsa, ya ce, "Ai ka yi taka can baya, ko?"

Kalma guda ce. I. Ko ɗaga kai ma ya isa.

Bahago ya dubi tabarmar gaba. Ya dubi tsohon da ya sha hanyar dutse da ciwon gwiwa, yana tsaye yana jira ya jingina sallarsa a bayansa. In ya wuce haka, ba tasa kaɗai ya kashe ba. Tsohon zai koma Timia yana zaton ya yi la'asar.

Ya juya ya ga Firdausi a bakin ɗakin girki, ta haɗa tafin hannu biyu a ƙirji.

Tun tana goye yake cewa ba abin da za ta roƙa ya hana ta.

"Ban yi ba," in ji shi.

Ya tsuguna. Ya naɗe hannun riga. Ya karkata butar.

Ruwan farko da ya zubo daga hannunsa ja ne, kamar an wanke tukunyar shayi. Ya sauka bisa rairayi ya yi tabo.

Tanko ya daina murmushi.

Ya wanke sau uku. A na biyu farin ya fara leƙowa ta tsakanin yatsu. A na uku ya fito sarai, da zane-zanen ja a kansa kamar sawun tsutsa.

Ya kurkure baki. Ya shaƙa ruwa ya fyace. Ya cika tafinsa biyu ya kai fuska.

Bai yi sauri ba. Bai rage ko'ina ba. Daga matsirar gashi har haɓa, daga kunne zuwa kunne, yadda aka koya masa yana yaro. Jan ruwa na bin gemunsa yana ɗiga bisa rigar da ya ajiye tun sallar layya don wannan rana.

A bayansa ya ji faranti ya faɗi a ɗakin girki. Bai waiwaya ba.

Ya yi hannu zuwa gwiwa, ya shafi kai da kunne, ya wanke ƙafa. Ya miƙe ya fuskance su.

Goshi rabi fari rabi ja. Gefen baki kamar an watsa masa miya. Haoua ba ta yi ƙarya ba, gara yadda yake dā.

Hajiya Aissa ta fito, tana tsaye bakin ƙofar ɗaki, hannunta a haɓa.

"Alhaji," in ji Bahago, "yanzu ka gani. In ka fi son ka wuce gaba, wuce."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa.

"Alwalarka ta yi?"

"Ta yi."

"To ta da salla, Tanko."

Bahago ya wuce gaba ya yi kabbara. Raka'a huɗu, ba a ɗaga murya a la'asar, ba abin da ake ji sai numfashi da ƙarar gwiwar tsoho. Da kukan da wata ke toshewa da mayafi a ɗakin girki.

Aka sallame. Aka shafa fatiha.

Alhaji Illiya bai tashi daga tabarma ba. Ya jawo sandarsa ya ɗora bisa cinya.

"Malam Bahago. Mi ne wanga?"

"Fenti ne."

"Wa ya shafa maka?"

"Ni na zauna aka shafa mini. Ba ɗaure ni aka yi ba."

"Don mu?"

"Don ku."

Tsohon ya girgiza kai.

"Ka san mi? Tun jiya muke garin nan. Na shiga tasha na ce ina neman gidan Bahago mai kilishi. Mutum uku suka ce mini, wanne, mai albaras? Na sani tun ban taka ƙofarka ba."

Bahago ya sunkuyar da kai.

"Daga Timia har nan ina faɗa da ƙanwata a mota. Tambayi Tanko. Na ce mata ciwo na Allah ne, ba mutum ya saya a kasuwa ba, ba a hana aure don shi. Na ci ƙarfinta. Da na shigo na gan ka sumul, na ce to, ko dai ya warke, ko dai mutane ƙarya suke. Na ji daɗi. Ashe wasa ake yi da hankalina ina zaune ina yabon tarbiyya."

"Alhaji, laihina ne. Ni kaɗai."

"Da ba ka wanke ba, da ban sani ba. Wannan na ba ka shi. Ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ba zan manta ba. Amma ka karya mini baki gaban Aissa. Mi zan ce mata yanzu?"

"Ba sai ka ce komai ba, Yaya," in ji Hajiya Aissa. Ta tako har bakin tabarma. Ba ta ɗaga murya ba. "Ni ban zo don uba ba. Ba uba za mu kai Timia ba. Na zo in ga ko abin ya sauka ga yarinya. Na zauna da ita, na dube ta, na ce alhamdulillahi. Yanzu kuwa ban san mi na duba ba. Gidan da ake shafa wa uba fenti..."

"Hajiya!"

"Ba zagi ba ne. Tambaya ce."

Jinin Bahago ya hau. Abin da ya haɗiye tun safe, da na shekarun da mutane ke ajiye masa kuɗi a ƙasa don kada hannu ya haɗu, duk ya taso masa lokaci guda.

"Ni ku ce mini abin da kuke so. Ni ne mai albaras, ga ni, ku kalla ku ƙoshi. Amma ɗiyata lahiyarta lau! Jikin uwarta ta ɗauko, ko ƙurji ba ta taɓa yi ba. Ni na yi mata wanka da hannuna tana ƙarama."

"To abu mai sauƙi," in ji Hajiya Aissa.

"Ƙwarai mai sauƙi! Firdausi!"

Shiru.

"Firdausi! Fito ki wanke fuska da hannu da wuya gaban gwaggonki, a wuce wurin!"

Shiru.

Tanko ya ce, "Mai gida, bari. Kunya ce. A bar wa mata su..."

"Ba a barin komai. Yau za a gama ta. In ruwa ya sauko da launi ko ɗigo guda, ku ɗauki lemunku ku tahi, ban ce kun yi laihi ba. In kuwa ya sauko fari, Hajiya, za ki ba ta haƙuri a gabana."

"Na yarda," in ji Hajiya Aissa.

"Alhaji, ka shaida?"

"Na shaida."

Bahago ya cika butar daga randa har tana zuba. Ya nufi ɗakin girki da ita, ya bankaɗe labule.

Tana tsugune a lungu bayan buhun gawayi, ta cusa kai cikin gwiwa.

"Tashi. Share hawayenki. Na ɓata, na sani, amma ga hanya ta buɗe. Ki wanke a gabanta, bakinta ya mutu, tsohon nan yana bayanmu. Tashi, ɗiyata."

Ba ta tashi ba.

"Firdausi, magana nake."

Ta ɗago kai. Hawaye ya bi kumatunta ya gangara ƙarƙashin haɓa, ya shiga wuya.

Inda ya bi a wuyan, ya bar layi.

Bahago ya matso. Ya sunkuya. Hasken da ke shigowa ta tagar bai da yawa, amma ya isa.

Ƙarƙashin kunnenta na hagu, inda mayafi ya zame, jan ya narke. Abin da ke ƙarƙashi fari ne. Faɗinsa bai wuce tafin jariri ba.

"Mi ne wanga?"

"Baba..."

"Mi ne wanga, na ce?"

"Haoua ta yi mini bayan ta gama naka. Nan, da nan." Ta juya wuyan hannunta. "Nima lokacina bai cika ba, Baba. Sai gab da magariba."

Ya dafa bango.

"Tun yaushe?"

"Tun azumin bara."

"Shekara guda kina gidan nan da ni, ba ki..."

"In gaya maka ka ce kai ka ba ni? Kana tsammani ban jin ka in kana kuka a salla?"

Ya kau da kai.

"Issouf ya sani?"

Ta girgiza kai.

Ya dubi hannunsa, fari da ja, dabbare-dabbare. Ya dubi wuyanta. Duk abin da ya tara a duniya bai kai ya bar mata gado ba. Ashe ya bar mata.

Takun takalmi ya tsaya bayan labule.

"Malam Bahago," in ji Hajiya Aissa. "Hadari na matsowa, direba na jira. In shigo, ko ku fito?"

Firdausi ta kama ƙafarsa da hannu biyu.

Butar na hannunsa, cike, ruwa na ɗiga daga bakinta bisa ƙasa tsakaninsu.